Kalmomin Sulhu a Ɗakin Karatu: Nazari daga Tirkaniya

Masu neman a tsarkake darasin zaman lafiya daga ragowar mulkin mallaka suna da hujja mai ƙarfi. Turawa sun ci Kano da Sakkwato a 1903, suka ƙone Satiru a 1906, kalmar da suka laƙaba wa waɗannan yaƙe-yaƙe kuwa tushenta ɗaya da kalmarsu ta zaman lafiya. Watau a wurinsu lafiya ita ce talaka ya yi shiru. Darasin da ya tsaya ga biyayya ga hukuma kaɗai, wannan ma'ana ya gada.

Maganin da suke bayarwa shi ne a koma ga kalmomin gida. Lalle Hausa tana da arziki a nan. Sasanci daban, sulhu daban. Biko kuma yana ɗauke da wani abin da babu a cikin su biyun, domin mai biko shi ke tashi ya bi wanda ya ɓata wa. Ga kuma barkwanci, irin na Fulani da Barebari, wanda hukumar UNESCO ta sa na ƙasar Nijar cikin gadon al'adun duniya a 2014.

To, amma a gwada wannan magani a Tirkaniya, kudu da kogin Kaduna, kusa da Kakuri inda masaƙu suka tara ma'aikata daga ko'ina tun 1957. Tarzomar 2000 da ta 2002 sun raba birnin, Musulmi da yawa suka koma arewa da kogi, Kirista suka yi kudu. Ran 17 ga Yuni 2012 aka tayar da bom a wani coci a unguwar, ramuwar gayya ta biyo baya. Malamin da ke tsaye gaban aji a nan, 'ya'yan Gbagyi da Bajju da Atyap da Hausawa da Ibo ne a gabansa, galibinsu kuwa suna jin Hausa.

A nan hujjar ke yin tuntuɓe, gama Hausa ba ta zo wa waɗannan yara da hannu wankakke ba. Dubi kalmar amana. Bahaushe yana jin ta da ma'anar riƙon gaskiya. Amma a tarihin ƙasar Zazzau amana yarjejeniya ce, wadda ƙabilar da ba Musulmi ba ke biyan haraji don a bar kai mata hari. Turawa ma ta hannun sarakuna da hakimai suka mallaki yawancin ƙabilun kudancin lardin Zariya, da Hausa ake karɓar haraji, da ita ake yanke hukunci. Har suna ma abin lura ne: mutane suna kiran kansu Gbagyi, Hausa ta ce Gwari. Kalmar arne kuwa ba ta bukatar sharhi.

Saboda haka mayar da darasin cikin Hausa rabin aiki ne, mai yiwuwa ma ya zama sauya wani ubangida da wani. Abin da ya kamata kwalejojin horon malamai su koyar shi ne tarihin kalmomin kansu, wa ya faɗe su, wa aka faɗa wa, sa'an nan a tambayi yaran yadda ake kashe rigima a harshen iyayensu. Imam Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye, da suka fara aikin sasanci tare a Kaduna a 1995, sun soma ne da amsa cewa dā abokan gaba ne.