Wa ya karya sojojin Voulet?

Sau uku na kalli fim ɗin Sarraounia na Med Hondo (1986), wanda aka ɗauko daga littafin Abdoulaye Mamani na 1980. Ni ɗan Dogondutsi ne, labarin Lugu kuwa tun muna yara muke jinsa, don haka ban kalle shi da idon baƙo ba.

Abin da fim ɗin ya iya, ya iya. Sojojin baƙar fata da Voulet da Chanoine suka jawo suna da bindiga, kuma ranar 16 ga Afrilu 1899 sun shiga Lugu. Amma Sarauniya Mangu ta ɓace musu cikin daji, tun daga nan sai tsoro ya zauna musu. Soja in ya yarda harsashinsa bai cin abokin gaba, to bindigar hannunsa sanda ce kawai. Hausa ta riga ta san wannan: muna cewa mutum ya karaya, daga tushen karya, kamar icce.

Inda nake ja da Hondo shi ne yadda mai kallo ke tashi da jin cewa asirin Sarauniya ne ya ci su. Kai, a tsaya mana! Mutanen nan sun ƙone garuruwa tun daga bakin Kwara, a watan Mayu suka yi kisan Birnin Konni. Wanda ya yi wannan da hannunsa, me zai gani in ya rufe ido? A ganina asiri suna ne da suka samu suka laƙa wa abin da ke cin ransu, don ya fi sauƙin faɗi. A Yuli, bayan Voulet ya sa an harbe Kanal Klobb, su da kansu suka kashe shugabannin nasu biyu.

Wani ɗan'uwana soja ya dawo daga yammacin ƙasar nan, layunsa duka na jikinsa, amma barci ya ƙi. A gida aka ce jifa ce. Shi ma haka yake cewa, ba wanda ya tambaye shi abin da ya gani.

Sai maganar harshe, wadda ta fi yi mini ciwo. A Burkina aka ɗauki fim ɗin, Sarauniyar Lugu ba Hausa take yi ba. Wallahi na so in ji da wace kalma za ta kira tsoron da ta jefa musu.