Kamambar, taswira da madaurin damtse: wa muke yi wa zane?

Ƴan uwa ɗalibai, ku ɗauko memwar ko wace iri ce da aka yi bincikenta a karkara, ta noma ce, ta kiwon lafiya ce ko ta ilimi, ku buɗe babin sakamako. Kafin ku juya shafi uku za ku ci karo da da'irar nan da aka yayyanka, wadda Faransawa ke kira kamambar, da sunan wani cukunsu da ba ya cikin abin da ake kasawa a kasuwar Tasawa. Yanka takwas, wani sa'in goma sha biyu, ko wane da launinsa, an kuma karkata ta don ta yi kauri. A fuskar kwamfuta abin gwanin sha'awa. Da ta bi ta hannun mai fotokopi, shi ke nan, launukan duka sun koma toka-toka, ba mai iya raba hatsi da dawa.

Laifin ba na ɗalibi ba ne shi kaɗai. Ana koya mana inda za mu latsa a Excel, amma ba a tsayar da mu kan tambayar da ta riga latsawa: wa zai karanta wannan zane, da wane harshe, kuma mi zai yi in ya karanta? Ni ɗalibar ilimin harsuna ce, kuma a wurina zanen alƙaluma magana ce kamar ko wace magana. Tana da mai faɗa, tana da mai ji, tana da nahawunta.

Wannan ra'ayi ba sabo ba ne. A 1967 Bafaranshen nan mai zanen taswira, Jacques Bertin, ya fitar da littafinsa Sémiologie graphique, inda ya jera abubuwan da ido ke rarrabewa a takarda: girma, haske da duhu, launi, siffa da sauransu. Ya nuna cewa haske da duhu suna da jeri, kowa ya ga toka mai haske da toka mai duhu ya san wadda ta fi. Launi kuwa ba shi da jeri, shuɗi bai fi kore ba, kore bai fi shuɗi ba. Ido kuma ya fi iya gwada tsawon sanduna biyu a kan ya gwada faɗin yanka biyu na da'ira. Wannan darasin awa ɗaya ne, amma da an ba mu shi da yawancin kamambar ɗinmu sun koma sanduna, jere daga babba zuwa ƙarama, waɗanda ba su tsoron fotokopi.

Mu bar memwar, mu duba aikin manya. Sau biyu a shekara, bayan kaka da kuma wajen watan Maris, ƙwararru ke zama su fitar da taswirar ƙarancin abinci ta Cadre Harmonisé, ƙarƙashin ƙungiyar CILSS mai cibiyar AGRHYMET a Yamai. Mataki biyar ne: kore mai haske, rawaya, ruwan lemo, ja, da ja mai duhu. A yaba musu, launukan na tafiya daga haske zuwa duhu yadda Bertin ke so. Amma ku gwada faɗin wannan taswira da Hausa a gaban mai gari. Kalmar "ja" a bakinmu tana da faɗi: goro ja ne, ƙasa ja ce, har mutum mai hasken fata ja muke ce masa. To mataki na uku, na huɗu da na biyar duka za su iya fita a bakin mai fassara da kalma guda. Alhali tsakanin "ana cikin matsi" da "mutane na mutuwa da yunwa" akwai tazara mai nisa.

Akwai abin da ya fi wannan nauyi. Ƙa'idar taswirar ita ce ana shafa wa yanki launin wani mataki in aƙalla kashi 20 cikin ɗari na mutanensa sun kai wannan mataki ko sun wuce shi. A ƙidayar 2012, gundumar Tasawa da ta Mayahi ko wace ta haura mutum dubu 500. Ku yi lissafi: kashi 19 cikin ɗari na dubu 500 mutum dubu 95 ne. Ke nan gunduma na iya fitowa da rawaya, mai kallo ya ce da sauƙi, alhali mutum dubu casa'in da wani abu na cikin matsi. Kuma in aka shafe gundumar Tasawa da launi guda, an haɗa Urafan da ke arewa, inda ruwa ya fi ƙaranci, da Korgom da Hawan Dawaki da ke kudu wajen iyakar Nijeriya. Haka Mayahi da ƙananan hukumominta takwas. Masu taswirar sun san wannan, shi ya sa suke haɗa ta da jadawalin yawan mutane. Sai dai taswirar ce ke yawo a wayoyi, jadawalin kuwa na kwance cikin rahoto.

Kada wani ya ce wannan gardamar ƴan boko ce. A 2005 jihar Maraɗi ta ga abin da ke faruwa in awo ya dubi gefe guda. Tsarin gargaɗin gaggawa na lokacin ya fi dogara da giɓin amfanin gona, don haka ido ya fi karkata ga yankunan arewa da fari da fara suka ɓarnata a 2004. Amma yaran da suka cika cibiyoyin jinyar tamowa da yawansu daga kudancin Maraɗi suka fito, inda ake ɗauka nan ne rumbun ƙasa. Hatsi na kasuwa, kuɗinsa ne ya gagari talaka. A shekarar, ƙungiyar likitocin MSF ta yi jinyar yara sama da dubu 60 masu tamowa mai tsanani a Nijar, mafi yawansu a jihar Maraɗi. Taswirar giɓin hatsi ba ta yi ƙarya ba, ta dai amsa tambayar da aka yi mata, ba a ko tambaye ta yara ba.

Ko lambobin kansu sai an fassara su. Mu a nan da dala muke ƙirga kuɗi, dala kuwa tamma biyar ce. In ɗalibi ya rubuta 500 a zanen farashi, ya kuma karanta wa manoma "ɗari biyar", su abin da suka ji shi ne sefa 2500, don 500 a kasuwa "ɗari" ce. Mu kan rubuta kilo da tan, uwar gida kuwa da tiya take awo, wajen kilo biyu da rabi, magidanci kuma da dame yake lissafin abin da ya shiga rumbu. Zanen da ya ce "buhu ya tashi da kashi 30 cikin ɗari" bai kai na wanda ya ce "tiyar da kika saya dala ɗari bara, bana ɗari da talatin ce" isa kunne ba.

In ana neman zanen da ya ci sunansa a wannan yanki, ba cikin kundi yake ba. Ɗan madaurin nan ne mai launi uku da ake zagaya wa damtsen yaro daga wata 6 zuwa wata 59. Ƙasa da milimita 115 ja ne, daga nan zuwa ƙasa da 125 rawaya, daga 125 zuwa sama kore. Tambaya guda yake amsawa, launukansa uku ba sa rikicewa a baki, kuma ko wane launi na ɗauke da aiki: ja, ki kai shi likita yau. A Mirriya ta jihar Damagaram, ƙungiyoyin ALIMA da BEFEN sun koya wa uwaye yin awon da kansu, bincike kuma ya nuna ba su gaza ma'aikatan sa-kai na ƙauye ba wajen gano yaro mai tamowa. Macen da ba ta taɓa shiga lakkol ba tana karanta shi daidai. Nawa ne cikin zanukanmu na memwar za su ci wannan jarrabawa?

Na san za a ce memwar don juri ake rubuta ta, taswira kuma don gwamnati da masu ba da agaji, ba don mai gari ba. Gaskiya ne, kuma madaurin damtse ba zai iya aikin taswira ba. Amma alƙaluman nan daga bakin wa aka samo su? Daga matan Kanambakashe da manoman Maijirgi da suka bar aikinsu suka zauna amsa tambayoyi. Wanda ya ba ka aron ƙwarya ai ya cancanci a mai da masa da ita, ko da ɗan abu a ciki.

Abin da nake roƙon malamanmu ba mai tsada ba ne. A darasin ƙididdiga, ko wane zane a fara yin sa da bik a kaye kafin a taɓa kwamfuta. A bi da shi ta fotokopi baƙi da fari, in ya mutu a sake. A sa ɗalibi ya faɗi saƙon zanen da Hausa cikin jimla guda, da dala da tiya, in ya kasa to shi ma bai gane ba. Sannan lokacin hutu ya kai shi garin da ya yi bincike, ya miƙa wa mutum uku ba tare da ya yi bayani ba, ya rubuta abin da suka ce sun gani. A ba da maki kan wannan amsa kamar yadda ake bayarwa kan sauran aiki. Mu ɗaliban harsuna kuma aikinmu na jiran mu: mu zauna da na ƙididdiga da na aikin gona mu daidaita sunayen matakan nan biyar da Hausa, yadda gidan rediyon Tasawa da na Mayahi za su faɗe su da kalmomi iri guda, mai saurare kuma ya san ko lokacin buɗe rumbu ne ko na neman agaji.