Macijiyar da Aka Cire wa Dafi: Sabon Zubin Nneka a Idon Mai Kallo na Abakpa Nike

A watan Disamba na 2020 kamfanin Play Network na Charles Okpaleke ya fito da sabon zubin Nneka the Pretty Serpent, fim ɗin ban tsoron da Zeb Ejiro ya ba da umarninsa a 1994, Okechukwu Ogunjiofor kuma ya shirya. A wannan karon Tosin Igho aka ba aikin darakta, Idia Aisien ta hau matsayin Nneka, aka kuma dawo da Ndidi Obi, wadda ta fito a Nneka ta farko, aka ba ta matsayin uwar aljanu. An kashe kuɗi, hoto ya fita tas, sutura da gidaje sun ƙayatar. Duk da haka ra'ayin masu sharhi ya rabu, kuma koken da ya fi yawa daga waɗanda suka san tsohon fim ɗin bai wuce ɗaya ba: sun zo a tsorata su, sun tashi ba a tsorata su ba. Akan yi saurin cewa wannan kewar ƙuruciya ce kawai, ta mutanen da ba abin da zai gamsar da su. Ni a ganina hukunci ne mai hujja, kuma wurin da hujjar ta fi fitowa fili shi ne wurin mai kallon da ba dominsa aka yi fim ɗin ba tun farko, wato Bahaushen da ke zaune a Abakpa Nike ta birnin Inugu, ko a Titin Bida na Anaca, ko a unguwannin Hausawan Fatakwal.

Zaman Hausawa a Inugu ya daɗe. Kwal da layin dogo da fataucin shanu su suka jawo su tun zamanin Turawa, har aka kai ga Malam Umaru Altine, ɗan kasuwar shanu daga ƙasar Sakkwato, ya zama magajin garin Inugu na farko a shekarun 1950. 'Ya'yan da aka haifa a waɗannan unguwanni suna jin harshen Ibo kamar 'yan gari, da shi suke ciniki a kasuwar Abakpa, da Hausa suke hira a ƙofar masallaci. A shekarun 1990 kaset ɗin bidiyo daga Titin Iweka na Anaca yake ɓullowa, ya bazu zuwa shagunan haya na kowace unguwa. Wanda ya san irin shagon nan ya san kamanninsa: kwalayen kaset jere a kan katako, hoton jikin kwalin ya koɗe don yawan hannu, ga littafin da ake rubuta sunan mai aro da ranar dawowa. A ɗauki kaset a kai ɗaki guda, a kunna ƙaramar talabijin, yaran gidan haya duka su cika tabarma, na Musa da na Emeka, manya na tsaye a bakin ƙofa. Bahaushen da ke cikin wannan ɗaki Musulmi ne, fim ɗin kuwa da harshen Ibo aka yi shi, kuma a hannun fasto labarin yake warwarewa. Da a ce tsoron da ke cikinsa na ƙabila ɗaya ne ko na coci ɗaya, da bai ƙetare zuwa gare shi ba. Amma ya ƙetare, kuma dalilin ƙetarewarsa shi ne ainihin abin da sabon zubin ya bari a baya.

Labarin farko ba shi da sarƙaƙiya. Mace ce ta rasa haihuwa, ta je wurin aljanar ruwa ta roƙi ɗa, ta yi alkawarin abin da ta haifa na ruwa ne. Aka haifi Nneka, ta girma kyakkyawa, aikinta farautar maza masu kuɗi, musamman masu aure, ta raba su da dukiya da iyali da rai. Babu gaɓa ɗaya a nan da Bahaushe zai nemi a fassara masa. Ya san 'yan ruwa, ya san labarin aljana da ke tare matafiyi da dare cikin siffar budurwa, ya san Danko ɗan Musa a cikin iskokin bori, ya kuma ga mace mai rikiɗa maciji a finafinan Indiya irin su Nagin na 1976 da Nagina na 1986. Ya san matar da ta gaji da gorin kishiya da dangin miji har ta kai kanta wurin boka. Ya kuma san cewa alkawarin da aka ƙulla da iska ba ya tashi a banza, akwai ranar biya. Inda maƙwabcinsa ke ganin fasto yana addu'a, shi malami yake gani yana ruƙiyya, kuma zuciyarsa tana bugawa daidai da ta maƙwabcin. Tsoron bai fito daga dabarun kyamara ba, waɗanda ko a lokacin ma ba su taka kara sun karya ba. Ya fito ne daga yardar da mai kallo ya shigo da ita, cewa abin nan yana iya faruwa a layinsu, ga kogin Ekulu nan kusa, ga kyakkyawar baƙuwa ta kama ɗaki a gidan gaba ba wanda ya san asalinta.

Akwai kuma maganar kuɗi, wadda ita ce jijiyar finafinan wancan zamani. Tsarin tsuke bakin aljihu da gwamnatin Babangida ta shigo da shi a 1986 ya karya darajar naira, albashi ya daina kai wata, sai ga wasu matasa suna gina benaye ba a san sana'arsu ba. Tambayar da ke bakin kowa, daga Idumota ta Legas har Sabon Garin Kano, ita ce ina wane ya samo. Living in Bondage na Kenneth Nnebue, wanda ya fito a 1992, amsar wannan tambaya ya bayar: Andy Okeke ya sadaukar da matarsa Merit ga ƙungiyar asiri don ya yi arziki, fatalwarta ta hana shi sakat har ya haukace. Mutane ba su ɗauki wannan a matsayin tatsuniya ba. A watan Satumba na 1996 mutanen Owerri suka yi bore, suka ƙona otal ɗin Otokoto da kadarorin wasu masu kuɗi, bayan an kama wani mutum da kan wani yaro mai tallar gyaɗa. Bahaushe yana da nasa sunayen ga wannan abu, kuɗin tsafi da 'yan shan jini da 'yan yankan kai, kuma a matsayinsa na baƙo mai ƙananan yara masu talla da almajirai a gari, fargabarsa ba ta gaza ta kowa ba. A cikin wannan yanayi aka kalli Nneka. Ita ce ɗaya fuskar tambayar: idan Andy ya nuna yadda dukiya ke zuwa ta hanyar duhu, Nneka ta nuna yadda duhu ke zuwa ya kwashe ta.

Sabon zubin ya juya labarin ta wata fuska. Nneka ta zama marainiya da aka kashe iyayenta tana ƙarama, ta taso cikin wahala, sannan ta samu ƙarfin aljanu ta shiga bin waɗanda ake zargi ɗaya bayan ɗaya. Wato an mayar da labarin farauta labarin ramuwar gayya. Wannan sauyi kaɗai ya isa ya kashe tsoro, domin mai kallo ya koma bayan macijiyar yana mata fatan nasara, alhali a da yana gefen wanda take bi ne, yana jin kamar shi ne na gaba. Waɗanda take kashewa kuma manyan attajirai ne masu tsohon laifi, a gidajen da mai shayi ko mai gyaran takalmi na Abakpa ba zai taɓa shiga ba, saboda haka abin ya zama rigimar wasu can, ba ta shafe shi ba. Aka rage harshen Ibo, Turanci ya mamaye, aka kawo faɗa da tsalle-tsalle irin na finafinan jarumai na Amurka. Kamar miyar kuka ce aka zuba a kwanon tangaran mai tsada aka manta daddawa: kamannin suna nan, amma wanda ya saba sha ya san da loma ɗaya.

Masu cewa kewa ce kawai suna da 'yar gaskiya. Wanda ya kalli Nneka yana ɗan shekara goma ba zai sake jin irin wannan firgici yana ɗan arba'in ba, ko wa ya yi fim ɗin. Sai dai wannan bayani ya kasa amsa abu guda: kamfanin Play Network ɗin nan dai shi ya fitar da Living in Bondage: Breaking Free a 2019, wanda Ramsey Nouah ya ba da umarni, kuma masu kallon nan dai, da shekarunsu da kewarsu, suka karɓe shi hannu bibbiyu, har ya kwashi kyaututtuka bakwai a bikin AMVCA na 2020. Bambancin shi ne wancan bai jefar da tambayar ina wane ya samo ba. Ya ɗauko ɗan Andy, matashi mai son ya yi kuɗi da wuri, ya sa shi gaban irin jarrabawar da ta ci ubansa, a zamanin da samari ke kallon motocin 'yan damfarar intanet suna haɗiyar miyau. Motoci sun sauya, kwaɗayin bai sauya ba. Kuma ba ana nufin a kwafi tsohon fim yadda yake ba ne. Gus Van Sant ya gwada haka a 1998, ya maimaita Psycho na Alfred Hitchcock kusan hoto bayan hoto, bai samu karɓuwa ba. Abin da ake gadonsa daga tsohon fim ɗin ban tsoro shi ne damuwar da ya taɓo a zukatan mutane, sai a nemo inda wannan damuwa take zaune a yau.

Ƙorafin da ya fi wannan nauyi, wanda bai kamata a wuce shi da sauri ba, shi ne cewa tsofaffin finafinan sun yi ɓarna. Sun koya wa jama'a zargin mace kyakkyawa mai zaman kanta, sun ɗora laifin cin amanar miji a kan aljana maimakon mijin, kuma finafinai irin su End of the Wicked na 1999, na cocin Helen Ukpabio, an zarge su da rura wutar jifan yara da maita a Akwa Ibom da Kuros Riba. Mu ma mun san abin da kalmar mayya take jawo wa tsohuwa a ƙauye. Saboda haka wanda ya ce gara a ba Nneka dalili da mutunci, a daina nuna ta a matsayin sharri tsagwaronsa, niyyarsa mai kyau ce kuma ina tare da shi a kanta. Inda muka rabu shi ne zaton cewa hanya ɗaya ce tak, wato a cire tsoron. A cikin labarin farko akwai abin firgici da bai shafi zargin mata ba ko kaɗan: yarinya ce da aka yi cinikinta tun kafin a haife ta, ba da saninta ba, saboda al'umma ta ƙuntata wa uwarta a kan haihuwa. Da an tsaya a nan, a nuna mace tana jin wani abu na cin ta daga ciki, tana cutar da waɗanda take so ba da son ranta ba, da an samu tausayi da tsoro tare, kuma da laifin ya koma kan gorin da ya kai uwar bakin ruwa. Matan Abakpa, Hausawa da Ibo, da ke zaryar asibiti da gidajen masu magani neman haihuwa, ba sa bukatar a yi musu bayanin wannan.

Saura maganar kasuwa, kuma ita ce ta fi bayyana yadda aka yi aka kauce. Fim ɗin 1994 an yi shi ne don kaset, don ɗaki, don mai ƙaramin ƙarfi, kuma 'yan kasuwar da suka zuba kuɗinsu suna zaune cikin masu saye, suna jin abin da ake faɗi. Na 2020 an yi shi don gidan sinima irin na Polo Park a Inugu da manyan kantunan Legas, daga baya kuma Netflix, inda ake auna fim da kyan hoto da sunayen taurari da yadda zai shiga idon baƙi. Mai kallo na Abakpa yawanci sai daga baya fim ɗin ke iso masa, a waya, daga wurin masu tura finafinai. Ana amfani da sunan da shi da maƙwabtansa suka raya da kuɗin hayarsu, amma ba a tuna da shi a lokacin rubuta labarin. Haka aka sake gani da sabon zubin Glamour Girls a 2022, wanda ya sha suka fiye da Nneka. Masana'antar Kano ma ta fara bin wannan hanya, tun da aka sake yin Mujadala a 2018, kuma yanzu YouTube ne ke tsara mata tsawon labari da yawan kashi. Ranar da wani furodusa a Kano zai waiwayi tsofaffin finafinan aljanu da matsafa na zamanin kaset, zai tarar da masu kallo a Inugu da Anaca da Fatakwal da suka ga iri biyun, na Ibo da na Hausa, kuma abin da za su fara dubawa shi ne ko aljanar tana zaune a irin gidan hayar da suke ciki, tana ɗiban ruwa a rijiya ɗaya da matansu.