Daktan Wane Ciwo? Nazari a Kan Digirin Dakta na Masu Hidima

Karatu: Nehemiya 8:1-12, Ayyukan Manzanni 18:24-28

Wata ranar Lahadi mun karɓi baƙon mai wa'azi a majami'armu da ke Tsafe. Da na tashi gabatar da shi, sai na kira sunansa tare da laƙabinsa kamar yadda aka rubuto mini: Rabaran Dakta wane. Bayan an tashi sujada, wata tsohuwa daga zumuntar mata ta tare ni a bakin ƙofa, ta rage murya ta ce, "Baba Fasto, wannan Daktan naku, wane ciwo yake dubawa? Gwiwata ta hana ni barci." Na yi murmushi na ce, "Mama, ba likitan asibiti ba ne, daktan hidimar Ubangiji ne." Ta yi shiru kaɗan, sa'an nan ta ce, "To, ai hidimar ma tana da nata ciwon."

Tun daga ranar ban sami ma'aunin da ya fi tambayar wannan baiwar Allah ba. Da shi nake so in auna karatun nan da ya fara yaɗuwa a tsakanin manyan fastocinmu, wato digirin dakta na hidima, wanda ake taƙaita sunansa da D.Min. Bari in faɗa tun da fari, ni ba maƙiyin ilimi ba ne. Makarantar tauhidi ce ta goye ni, ba kuwa zan jefi rijiyar da na sha ruwanta ba. Amma karatun da ake biya da baikon ikkilisiya, ikkilisiya tana da ikon ta tambayi amfaninsa.

Ya kamata 'yan'uwa su san asalin abin. Wannan digiri ya samo tushe ne a makarantun tauhidi na Amurka, inda ya kafu a farkon shekarun 1970. Ya bambanta da digirin dakta na zurfin bincike, wanda yake shirya mutum domin koyarwa a jami'a da rubuta littattafai. Shi wannan an tsara shi ne domin makiyayin da ya riga ya daɗe yana kiwo. Bisa ga tsarinsa na asali, sai mutum ya gama digiri na biyu a tauhidi, ya kuma yi aƙalla shekara 3 cikin hidima, kafin a karɓe shi. Ba ya barin ikkilisiyarsa. Yakan je makaranta na 'yan makonni, ya dawo bakin aiki. A ƙarshe sai ya ɗauki wata matsala ta gaske a wurin da yake hidima, ya bincike ta, ya gwada magani, ya rubuta abin da ya gani. A ƙasarmu makarantu irin su Makarantar Tauhidi ta ECWA da ke Jos, wadda aka fi sani da JETS, da ta Baftis da ke Ogbomosho suna ba da wannan karatu.

Duk wanda ya duba wannan tsari da idon gaskiya zai yaba masa. Makiyayin da ya yi shekara ashirin yana ba da abinci, in bai sake cika rumbunsa ba, wata rana ƙaiƙayi zai auna wa jama'a. Littafi Mai Tsarki kuma bai taɓa yabon jahilci ba. Musa ya sami ilimin Masarawa, Bulus ya yi karatu a gaban Gamaliyel, Ezra kuwa ya ba da zuciyarsa ga binciken Shari'a, da aikata ta, da koyar da ita. A namu tarihin akwai marigayi Dakta Byang Kato, ɗan Kwoi, wanda aka haifa a 1936. Ya sami digirin dakta a tauhidi a Dallas ta Amurka, ya shugabanci ƙungiyar masu bishara ta Afirka a matsayin babban sakatare, ya kuma rasu a gaɓar teku kusa da Mombasa a watan Disamba na 1975 yana da shekara 39. Shi ne ya kwatanta raunin koyarwa a ikkilisiyar Afirka da ciwon ƙarancin jini, ya yi ta kira a kafa makarantu masu zurfi a nan gida. Shekara guda bayan rasuwarsa aka kafa hukumar tantance makarantun tauhidi ta Afirka, a 1980 kuma aka buɗe JETS. Kato ya ga ciwo, ya kira sunansa, ya nemi magani. Wannan ne dakta.

To, ina matsalar take? A 'yan shekarun nan abokan hidima huɗu sun ba ni kundin bincikensu na karanta. Ba zan ambaci sunansu ko makarantunsu ba, gama ba mutum nake tuhuma ba, hanya nake tuhuma. Uku daga cikinsu sun bar ni da damuwa iri ɗaya.

Abu na fari shi ne tambayar da aka yi wa bincike. Kundayen nan uku sun cika da ra'ayoyin marubutan ƙetare a kan bunƙasa ikkilisiya da dabarun shugabanci. Waɗannan marubuta ba su yi laifi ba, domin jama'arsu suka rubuta. Damuwarsu ita ce mutanen da suka ƙoshi har suka gaji da zuwa sujada. Damuwarmu dabam ce. Mu a nan akwai wanda yake marmarin sujada, amma tsoron hanya ya tsare shi a gida. Kowa ya san yadda gaban matafiyi yake faɗuwa a hanyar Funtuwa zuwa Gusau in rana ta yi sanyi. Ba mu manta da watan Satumba na 2021 ba, lokacin da aka katse layukan waya a jihar Zamfara, aka rufe kasuwannin mako saboda 'yan bindiga. A kwanakin nan fasto bai iya kiran mai bisharar da ke ƙauye ya ji ko yana da rai ba. Duk da haka na karanta shafi bayan shafi ban ga inuwar wannan wahala ba, sai ka ce an rubuta su a wata duniya.

Alhali tambayoyin da suke bukatar dakta suna zaune a kan bencinmu kowace Lahadi. Kalmar fansa tana cikin mafi daɗin kalmomin bangaskiyarmu, da ita muke kiran Ubangijinmu Mai Fansa. Yau kuwa in ka ambace ta, akwai magidancin da zai tuna gonar da ya sayar ya biya kuɗin fansar ɗansa. Yaya za a yi wa'azin gicciye ga wannan mutum ba tare da an fama masa miki ba? Ko kuwa mikin nan ne ƙofar da zai fahimci tsadar jinin Almasihu? Macen da ta dawo daga hannun 'yan daji da ciki, yaya ikkilisiya za ta karɓe ta, ita da jaririn, yaya kuma za a taimaki mijinta? Wane irin sujada za a yi wa iyalin da ba su ga gawar nasu ba? Manomin da ya biya 'yan bindiga haraji kafin su bar shi ya girbe dawarsa, ya yi zunubi ne? Mece ce gafara ga wanda ya san fuskar mai ba da rahoton da ya sa aka kashe ƙanensa? Ga kuma zamanmu da maƙwabtanmu Musulmi, tun da aka ƙaddamar da shari'a a Gusau a watan Oktoba na 1999 har zuwa yau da bala'i ɗaya yake cin gidajenmu da nasu, muna zuwa wa juna gaisuwar ta'aziyya. Ba wani malami a Dallas ko Landan da zai amsa mana waɗannan. In namu daktocin ba su taɓa su ba, wa zai taɓa?

Abu na biyu shi ne harshe. An rubuta kundayen da Turanci, wannan kuwa ba abin mamaki ba ne, gama da shi makarantu suke koyarwa. Abin da ya dame ni shi ne, har takardun tambayoyin da aka raba wa membobi da Turanci aka buga su, a ikkilisiyoyin da yawancin masu sujada da Hausa suke addu'a, da ita suke kuka. Ke nan an ji muryar malaman makaranta da ma'aikatan gwamnati, an bar gwauruwa da manomi da tsoho a waje. Da aka gama kuma, aka ɗaure kundin da baƙar fata, aka yi masa rubutun zinariya, aka jera a ɗakin karatu mai nisan tafiyar yini daga mutanen da aka yi binciken a kansu. Ba su taɓa jin abin da aka gano ba. An auna jinin majiyyaci, an tafi da sakamakon wani gari.

Dubi abin da ya faru a Nehemiya sura 8. Ezra masani ne ƙwarai, ya tsaya a kan dakalin katako ya karanta Shari'a tun da safe har tsakar rana. Amma aikin bai tsaya a nan ba. Lawiyawa sun bayyana wa jama'a ma'anar abin da aka karanta har suka gane. Murnar da aka yi a ranar kuwa, nassi ya nuna dalilinta shi ne mutane sun fahimci maganar. Magabatanmu sun san wannan. Dakta Walter Miller, likitan da ya yi aiki a Zariya, da abokan aikinsa sun kwashe shekaru suna wahala har cikakken Littafi Mai Tsarki ya fito da Hausa a 1932. Baƙi sun ƙasƙantar da kansu suka koyi harshenmu domin mu ji Allah da kunnenmu. Abin kunya ne mu 'ya'yan gida mu hau tsanin ilimi, mu manta hanyar saukowa.

Abu na uku ya fi wuyar faɗa, gama ya shafi zuciya, tawa ma tana ciki. Laƙabi yana da zaƙi. Da zarar an ƙara wa mutum Dakta, kujerarsa a taro takan matsa gaba, gayyata takan ƙaru, zuciya kuma takan fara raɗa masa cewa ƙaramar majami'a a Tsafe ko Bungudu ta yi masa kaɗan. Sai ka ga digirin da aka tsara domin ya zurfafa makiyayi a cikin garkensa ya zama guzurin barin garken. Gwauruwa ta sa 'yar nairarta a baiko, an biya kuɗin makaranta da na mota, ranar girbi kuma babbar ikkilisiyar birni ta kwashe amfanin. Ubangijinmu ya gargaɗi almajiransa a Matiyu sura 23 a kan son gaisuwar girma da manyan kujeru. Ba ilimi ya hana ba, ƙishin a kira mu da suna ya hana.

Na san abin da za a ce mini. Za a ce makaranta tana da ƙa'idodin da dole ta kiyaye domin a amince da takardarta a ko'ina, littattafan tauhidi da Hausa kuma ba su da yawa. Gaskiya ne. Amma ƙarancin littattafan ai shi ne hujjata. Wa zai rubuta su in ba waɗanda suka yi karatun ba? Za a kuma ce fasto ma yana da 'ya'ya, ba laifi ba ne ya nemi inda za su kwana lafiya. Wannan ma gaskiya ne, ba kuwa zan ɗora wa ɗan'uwana nauyin da ni kaina nake nishi a ƙarƙashinsa ba. Abin da nake roƙo shi ne, kada mu kira gudu da sunan ci gaba.

Kundi na huɗu shi ya hana ni fid da zuciya. Marubucinsa ya zauna da matan da aka kashe mazajensu, mako bayan mako, yana saurara da Hausa. Ya gano cewa bayan kwanakin makoki ƙafar masu ziyara takan ɗauke, a daidai lokacin da kaɗaici da yunwa suke shigowa. Ya koma ga zaburoyin makoki da labarin Na'omi da Rut, ya shirya darussa, ya koya wa dattawa da shugabannin zumuntar mata yadda za su raba ziyara a tsakaninsu har shekara ta zagayo. Ya kuma rubuta inda ya kāsa ba tare da ɓoyewa ba. Turancinsa bai kai na sauran ukun ba, amma shi kaɗai ne ya amsa tambayar tsohuwar nan. Ya tuna mini da Afolos, masanin nan na Iskandariya, wanda duk da iya maganarsa ya yarda masu ɗinkin alfarwa, Akila da Bilkisu, suka zaunar da shi suka ƙara masa haske.

Saboda haka ga shawarata ga majalisun ikkilisiya da na gunduma. Kafin a tura fasto wannan karatu, bari ya zauna da dattawa da mata da matasa, su faɗi ciwon da suke so a duba. Bari a yi yarjejeniya a rubuce cewa zai dawo ya yi hidima na wasu shekaru a yankin da ya ɗauki nauyinsa. Kada kuma a yi bikin taya murna sai ya kawo taƙaitaccen bincikensa da Hausa, ko da shafi ashirin ne, an karanta a gaban jama'a, an raba wa masu bishara na ƙauyuka. Ina kuma roƙon makarantunmu su sa wannan fassara cikin sharuɗɗan kammalawa. Ku kuma 'yan'uwa, kada ku rena mai ilimi, kada kuma laƙabi ya rufe muku baki. Ku yi masa addu'a, ku tallafa masa, in ya dawo ku tambaye shi cikin ladabi abin da ya kawo muku.

Addu'a: Ya Ubangiji Yesu, Babban Makiyayi, kai da ka san ciwon kowace tunkiya, ka ba bayinka ilimi mai zurfi da zuciya mai tawali'u. Ka sa abin da suka koya ya dawo ya zama abinci da magani ga jama'arka. Ka ta'azantar da masu makoki, ka dawo da waɗanda suke hannun mugaye, ka ba ƙasarmu salama. A cikin sunanka muka roƙa. Amin.