Jinjina ga Masu Aikin Sa Kai na Debian

Ranar 14 ga Oktoban 2025 kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 10, ita kuwa Windows 11 ba ta yarda da kwamfutar da ba ta da guntun tsaro na TPM 2.0. Haka miliyoyin kwamfutoci masu lafiya lau suka koma tsofaffi dare ɗaya.

Shi ya sa nake sara wa mutanen Debian, wato manhajar tafiyar da kwamfuta ta kyauta da ke iya maye gurbin Windows a irin waɗannan kwamfutoci. Tun 1993 da Ian Murdock ya aza harsashin aikin, masu sa kai ne daga ƙasashe daban-daban suke tattara dubban manhajoji, su gwada, su toshe ɓaraka, yawancinsu ba a biyansu ko sisi. Wani sai ya kwana yana bin diddigin matsala guda a na'urar da kamfanin da ya ƙera ta ya daɗe da mantawa da ita. Wannan haƙurin ne ya fi burge ni.

Ka ɗora Debian da fuskar aiki ta Xfce a kan tsohuwar kwamfutar ThinkPad ta hannu, za ka ga ta farfaɗo. Ɗalibi ya rubuta aikinsa a LibreOffice, bai sayi lasisi ba, bai kuma yi amfani da manhajar sata ba. Ubuntu da Linux Mint ma a kan gumin waɗannan bayin Allah aka gina su.