Masu karanta tarkacen jiragen yaƙi

Ɗan gwangwan in ya ɗaga guntun ƙarfe, tambayarsa ba ta wuce biyu: alminiyon ne ko baƙin ƙarfe, kuma kilo nawa zai yi a sikeli. Akwai wasu mutane kuma da za ka miƙa wa guntun nan, wanda bai kai tafin hannu ba, su jujjuya shi, su goge ƙurar da ɗan yatsa, su ce maka daga fiffiken jirgin yaƙi ya fito, ƙirar ƙasa kaza, wajen shekara kaza. Ba duba suke yi ba. Karatu ne, irin na mai raƙuma a kasuwannin Yusufari da Nguru, wanda da ganin tambarin da aka ɗana wa dabba ya san garken da ta fito.

Kada mai karatu ya ɗauka zancen na Turai ne kawai. Tun a Nuwamban 1925 jiragen sojan Ingila uku suka taso daga Masar suka sauka a Kano. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya toshe hanyar Bahar Rum, sai Ingila ta riƙa kawo jirage a cikin akwatuna zuwa Takoradi, a ƙasar Gana ta yau, a harhaɗa su a can, su tashi zuwa Legas, Kano, Maiduguri, Fort Lamy da yanzu ake kira Njamena, su ratsa Sudan har Alƙahira. Ayarin farko ya tashi a Satumban 1940, kuma kafin ƙarshen 1943 jirage sama da 5,000 sun bi wannan hanya, wadda ta gifta ta kudu da Nguru da Gashuwa. Galibi Blenheim ɗaya ke jan gora, ƙananan Hurricane na biye da shi. Ba duka suka isa ba. Ƙura da ɓatan hanya da mutuwar inji sun kayar da wasu a daji.

Gwanin yakan fara da jikin abin. Mayen ƙarfe zai raba masa baƙin ƙarfe da alminiyon, ɗigon ruwan tsami kuma kan sa maganiziyom ya yi kumfa. Sai ƙira. Bayan Hurricane bututun ƙarfe ne aka haɗa aka lulluɓe da yadi, shi kuwa Blenheim fallen alminiyon ne da aka ɗinke da ƙusoshi jere-jere. Injin Merlin na Hurricane silinda 12 gare shi kuma ruwa ke sanyaya shi. Mercury na Blenheim silinda 9 ne a kewaye, iska ke hura su, shi ya sa jikinsu ke da tsaga-tsaga. Ko zaren noti ma yana magana, domin na Ingila a wancan zamani ba ya hawa na Amurka. In kuma awon ya zo da milimita, ga harufan Rashanci, to hankali sai ya koma kan su MiG-17 da aka sauke a Kano a 1967 lokacin yaƙin basasa, ko MiG-21 da suka biyo baya.

Amma inda gwaninta take shi ne lamba. Kusan kowane yanki na jirgi an buga masa lambar zanen da aka ƙera shi a kai, ƙanana ƙwarai, sau da yawa a lungun da fenti ya rufe. Kamfanoni da dama kan fara lambar da ta samfurin jirgin. Kayan B-24 kan fara da 32, na Spitfire da yawa da 300, na P-40 da 81 ko 87. Kayan da Ma'aikatar Jiragen Sama ta Ingila ta saya na ɗauke da kambin sarauta da harufan AM, tare da lambar sito: 6A na agogunan gaban matuƙi ne, 5C na kayan wuta. A gefe kuma akan ga ɗan hatimi, na ma'aikacin da ya duba kayan kafin su bar masana'anta, wanda kan nuna ko wane kamfani ne ya yi aikin.

A nan ne mai gaggawa ke faɗawa rami. Ya ga 75 a jikin guntu, ya buɗe littafi, ya ce ai P-36 ne. Gwani sai ya dakata, don ya san kamfanin Curtiss daga P-36 ya fitar da P-40, kuma duk yankin da bai canza ba ya bar shi da tsohuwar lambarsa. Haka ƙusar da ke da alamar AN: ma'aunin bai-ɗaya ne na sojojin Amurka, tana jikin jirage iri-iri, ba ta shaidar kowa. Kwanson harsashi da aka buga wa 42 a gindi yana cewa ne jirgin bai faɗi kafin 1942 ba, bai ce a shekarar ya faɗi ba. Abin da ya fi burge ni a wurin mutanen nan ke nan: sun san iyakar abin da kowace shaida za ta iya faɗa, ba sa ɗora mata kayan da ya fi ƙarfinta. (Kuma ba sa ƙwanƙwasa abin da ya yi kama da harsashi ko bam. A Yobe da Borno wannan ba ya bukatar dogon bayani.)

Duk wannan nau'in jirgi kawai zai ba ka. Sanin wane jirgi ne takamaimai sai an dace da farantin masana'anta ko lambar rajista, sannan a koma kundin rundunar da ta rasa shi. Hamada kan taimaka, don inda babu damshi tsatsa ba ta da ƙarfi, kuma mutumin Tulo-Tulo ya san yadda rairayi ke binne abu ya kuma tone shi. A 1958 masu neman mai suka hango wani B-24 a hamadar Libiya, kimanin kilomita 700 daga gaɓar teku. Lambarsa 41-24301, 41 ɗin shekarar kasafin da aka yi odarsa ce. Kundi ya nuna jirgin da ake kira Lady Be Good ne, wanda ya tashi ranar 4 ga Afrilun 1943 don kai hari Naples da mutum tara, kuma an daɗe ana zaton teku ya faɗa. Ashe wuce sansaninsa ya yi cikin dare har mai ya ƙare. A 1960 aka gano gawarwakin takwas daga cikinsu. A 2012 ma an tsinci wani P-40 kusan lafiyayye a hamadar yammacin Masar, lambarsa ET574 ta kai masu bincike ga matuƙinsa, Dennis Copping, wanda ya ɓace tun Yunin 1942.

Shi ya sa ma'abota wannan aiki, kafin su ɗaga guntu daga ƙasa, sai sun ɗauki hotonsa da ma'auni a gefe, sun rubuta daidai inda yake kwance. Ba sa kankare shi da sanfefa; buroshi mai laushi suke sawa, su haska tocila daga gefe har inuwa ta fito da lambobin da ido bai gani ba.