Kyanwa a Ɗakin Karatu: Nazari a kan Wani Reshe na Labaran Bincike

Daga cikin ƙagaggun labaran da suka yi kasuwa a Amurka da Ingila akwai wani reshe wanda, ko da yake kisan kai ne ginshiƙinsa, marubutansa sun shardanta wa kansu kada jini ya bayyana a idon mai karatu, kada batsa ta shigo, kuma kada a damƙa warware lamarin ga ɗan sanda, sai ga wani mutumin gari da kowa ya san ƙofar gidansa. Asalin wannan tafarki yana komawa ga Agatha Christie, wadda a 1930 ta fitar da cikakken littafi na farko a kan tsohuwa Miss Marple ta ƙauyen St Mary Mead, mai gane mai laifi ta hanyar kiyasta halinsa da halin maƙwabtanta.

Kyanwa kuwa ta sami gindin zama a 1966, sa'ad da Lilian Jackson Braun ta haɗa ɗan jarida Jim Qwilleran da muzurunsa Koko, wanda in ya ture wani littafi daga kanta ya faɗi ƙasa, sai uban gidansa ya tsinci ishara a sunan littafin. Kuma da waɗannan jarumai Braun ta kai littattafai 29. Daga baya aka mayar da binciken hannun ma'aikacin ɗakin karatu. A 2010 Miranda James ya gabatar da Charlie Harris, mai kula da tsofaffin littattafai a garin Athena na jihar Mississippi, wanda matarsa ta rasu, yake yawo da ƙaton muzurunsa Diesel a igiya har wurin aiki. A 2011 Sofie Kelly ta zo da ma'aikaciyar ɗakin karatu Kathleen Paulson da kyanwoyinta Owen da Hercules a Minnesota.

Wanda ya yi tadabburi zai ga hikimar wannan haɗi. Ma'aikacin ɗakin karatu ba ya riƙe da makami. Jarinsa haƙuri ne da tahakiki, domin idan shaidu suka saɓa, shi ne zai sauka ma'ajiya ya kakkaɓe ƙurar tsohuwar jarida ko wasiƙar wani mamaci, ya auna wannan magana da waccan, tamkar yadda malamin hadisi yake bin isnadi kafin ya karɓi riwaya. Ita kuma kyanwa, wadda tun zamanin da ake ajiye ta kusa da takardu saboda ɓarnar ɓeraye, shaida ce mai gani ba ta furtawa, kuma tausayin da jarumi yake nuna mata shi ne hujjar farko ta kyawun zuciyarsa. Ba duka ne ƙage ba: a watan Janairu na 1988 an tsinci ɗan kyanwa cikin sanyi a akwatin mayar da littattafai na ɗakin karatun garin Spencer a Iowa, aka raɗa masa suna Dewey, ya zauna a nan har 2006.

Sai dai akwai aibi guda da ya wajaba a faɗa. Yawan sassauta lamarin mutuwa, har ran ɗan Adam ya koma wasa ƙwaƙwalwa tsakanin shan shayi da hira, yana iya rage wa mai karatu jin girman laifin. Marubucin kirki a wannan fage shi ne wanda ya bar wa makoki haƙƙinsa.

Duk da haka alherin waɗannan littattafai ya rinjayi aibinsu, gama suna karantar da cewa gaskiya takan bayyana ga mai natsuwa da neman ilmi, kuma ɗakin karatu amana ne na jama'ar gari wadda ta cancanci a kiyaye ta.